Tarihin Rene Dekart, Mutumin Da Ya Haɗa Lissafi Da Zane

Da aka ce kowa ya zaɓi wani shahararren mutum ya rubuta tarihinsa domin wannan mujalla tamu, yawancin abokaina sarakuna da mayaƙa suka zaɓa. Ni kuwa na zaɓi wani Bafaranshe mai yawan tari da son kwanciya, wanda ya bar duniya yau fiye da shekara 370. Sunansa Rene Dekart, amma in kun je nemansa a laburare ku duba Descartes, domin haka mutanen ƙasarsu suke rubuta sunan.

Bari in fara da dalilin da ya sa na zaɓe shi, ko da yake abin kunya ne a gare ni. Bara, a jarrabawar zango na biyu, maki 23 na ci cikin 100 a lissafi. Abin da ya kā da ni shi ne darasin nan na zane a kan takarda mai gida-gida, inda ake cewa a gusar da siffa, ko a juya ta, ko a ƙara mata girma. Malaminmu ya kira ni ofis ya gaya mini cewa in ban gyara ba kafin ƙarshen shekara, za a fitar da ni daga ajin kimiyya. Mahaifina ɗinkin hula yake yi, da kuɗin hula yake saya mini littattafai da sabulu, burinsa kuwa in zama ma'aikacin safiyo. Ran nan ban iya cin tuwon dare ba. Da Malam ya ga hankalina ya tashi, sai ya ce in tafi laburare in binciko mutumin da ya kawo wannan irin lissafi, bayan mako biyu in zo in ba shi labari. Abin da na samo ke nan nake so in ba ku.

An haifi Dekart ran 31 ga watan Maris, 1596, a wani ƙaramin gari mai suna La Haye a ƙasar Faransa. Ubansa alƙali ne a babbar kotun birnin Rennes. Uwarsa ta rasu yana da shekara ɗaya da 'yan makonni, saboda haka kakarsa ta wajen uwa ita ta rene shi. Ya tashi ba shi da ƙoshin lafiya, kullum cikin busasshen tari, har likitoci suna zaton ba zai yi tsawon rai ba.

Wajen shekarar 1607 aka kai shi makarantar kwana ta La Fleche, wadda malaman addinin Kirista 'yan ɗariƙar Katolika suke riƙe da ita. Makaranta ce mai tsanani, ana tā da yara tun ƙarfe biyar na asuba, kamar dai yadda ƙararrawa take tā da mu a nan. Amma masu rubuta tarihinsa sun ce saboda rashin lafiyarsa shugaban makarantar ya yarda masa ya riƙa kwanciya har hantsi. To, a nan ne ya bambanta da irinmu. Mu in an bar mu a gado barci za mu yi ta yi, shi kuwa idonsa biyu, yana ta juya darasin jiya a zuciyarsa. Wannan hali na yin tunani a kwance da safe ya bi shi har girmansa. Ya yi kimanin shekara takwas a wannan makaranta, ya koyi Latin da falsafa da sauran fannoni, amma lissafi ya fi kwanta masa a rai, domin shi kaɗai ne ya ga in an kawo hujja gardama ta ƙare.

A 1616 ya sami digiri na aikin lauya a jami'ar Poitiers, kamar yadda ubansa yake so, amma bai taɓa yin aikin ba. Ya ga ya fi son ya zaga duniya ya ga yadda take. A 1618 ya tafi ƙasar Holan ya shiga soja a garin Breda. A can ya gamu da wani masani mai suna Isaac Beeckman, wanda ya girme shi da 'yan shekaru. Wannan mutum shi ya farfaɗo masa da son lissafi, ya riƙa ba shi matsaloli masu wuya yana warwarewa. Ashe ko mai hazaƙa yana bukatar wanda zai zaburar da shi.

Shekara ta zagayo ya koma ƙasar Jamus. Sanyin hunturu ya tsare shi a wani gari, ya shige wani ɗaki mai murhu ya zauna shi kaɗai yana tunani. A daren 10 ga watan Nuwamba, 1619, ya yi mafarkai uku a jere, da ya farka ya ɗauka ishara ce cewa aikinsa a duniya shi ne neman hanya guda wadda za a bi a gane gaskiya a kowane fannin ilmi. Daga baya ya tsara wannan hanya cikin ƙa'idodi huɗu. Ta farko, kada mutum ya karɓi abu don kawai an faɗa, sai ya gan shi sarai da hankalinsa. Ta biyu, ya rarraba matsala mai wuya ƙanana ƙanana. Ta uku, ya fara da mai sauƙi sa'an nan ya hau zuwa mai wuya. Ta huɗu, ya koma ya duba aikinsa daga farko kada ya bar kome a baya. Ku riƙe waɗannan, za mu komo kansu.

Ya sayar da gādonsa domin ya sami abin zama ba tare da neman aiki ba. Wajen ƙarshen 1628 ya bar Faransa ya koma Holan da zama, don ya huta da yawan baƙi da surutun birnin Faris. Ya yi shekara ashirin a can, yana yawan sauya gida, ba ya son a san inda yake. Wani abokinsa a Faris mai suna Mersenne shi yake karɓar masa wasiƙu yana aika masa. A 1633 ya gama wani littafi a kan yadda duniya take, a ciki ya yarda cewa ƙasa ce take kewaya rana. Yana shirin bugawa sai ya ji labari an hukunta Galiliyo a birnin Rum saboda wannan magana. Tsoro ya kama shi, ya ɓoye littafin, ba a buga shi ba sai 1664, bayan mutuwarsa.

A 1637 aka buga masa wani littafi a garin Leiden, ba tare da sunansa a jiki ba. Da Faransanci ya rubuta shi, alhali masana na zamanin da Latin suke rubutu, domin yana so wanda bai je jami'a ba ma ya karanta. Littafin ya bayyana hanyar nan tasa ta tunani, sa'an nan ya liƙa masa rataye uku don gwada yadda take aiki. Na farko a kan haske da gilashin tabarau, na biyu a kan iska da gajimare, inda ya bayyana yadda hasken rana yake shiga ɗigon ruwan sama ya fito ya zama bakan gizo. Na uku, mai shafi wajen 100, shi ne a kan lissafin siffofi, watau jometiri. Wannan ratayen na uku shi ya jawo mini maki 23, shi ne kuma ya fitar da ni.

Kafin zamaninsa lissafi kamar gida biyu ne da katanga a tsakani. A gida ɗaya akwai jometiri, wanda aka gāda daga Girkawa irin su Yukilid, ana yinsa da rula da kamfas. A ɗaya gidan akwai aljabara, wadda sunanta ya fito daga sunan littafin Muhammad ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Waɗansu sun leƙa ta kan katangar tun da daɗewa, misali Umar Hayyam na ƙasar Farisa ya warware matsalolin aljabara ta hanyar zana lanƙwasassun layuka a ƙarni na 11. Amma Dekart ƙofa ya fasa. A da, in an ce x sau x, masana fili suke gani mai tsawo da faɗi, in an ce sau uku, sai su ga akwati. Dekart ya nuna cewa in an zaɓi wani tsawo aka kira shi 1, to x sau x ma tsawon layi ne kamar kowane. Daga nan ya nuna cewa kowane ɗigo a kan lanƙwasasshen layi ana iya kama shi da tsawo biyu, x da y, kuma dangantakar da ke tsakaninsu ita ce sunan layin a harshen aljabara. Shi ne kuma ya sa muke amfani da x, y, z domin abin da ba a sani ba, da a, b, c domin abin da aka sani, da ɗan ƙaramin adadin nan da muke ɗorawa a kafaɗar harafi, kamar x³.

Ga yadda na fahimci abin. A ɗakin kwananmu, in kana neman gadona, sai in ce maka layi na uku, gado na huɗu. Adadi biyu sun isa su kai ka. Haka yake a takarda mai gida-gida: a ja layin kwance, a ja layin tsaye ya ratsa shi, mahaɗarsu ita ce sifiri. Ɗigon da aka rubuta (3, 4) yana nufin taku uku dama, taku huɗu sama. Akwai labarin da ake bayarwa wai yana kwance ya ga ƙuda yana yawo a rufin ɗaki, daga nan dabarar ta zo masa. Labarin yana da daɗi, amma ba ya cikin rubuce-rubucensa, daga baya aka ƙaga shi.

To, da zarar siffa ta zama adadi, motsa siffa ya zama lissafi. Mu ɗauki alwatika mai kusurwa a (1, 1) da (4, 1) da (1, 3). In ana so a gusar da ita taku biyar dama, taku biyu sama, ba sai an yanka takarda an ja ba. A ƙara 5 a kan kowane x, a ƙara 2 a kan kowane y, sai a sami (6, 3) da (9, 3) da (6, 5). In ana so a ga hotonta kamar an kafa madubi a kan layin tsaye, sai a sauya alamar kowane x kawai, a sami (−1, 1) da (−4, 1) da (−1, 3). In ana so a juya ta rubu'in kewaye zuwa hagu, da sifiri a matsayin turke, sai x da y su yi musayar wuri, na farkon ya sauya alama, a sami (−1, 1) da (−1, 4) da (−3, 1). A cikin waɗannan uku duk alwatikar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, mazauni kawai ta sauya. Amma in aka ninka kowane adadi sau 2, za a sami (2, 2) da (8, 2) da (2, 6). Kamanninta suna nan, kowane gefe ya ninka biyu, filin cikinta kuwa ya tashi daga gida 3 zuwa gida 12, watau ninki huɗu.

Haka kuma lanƙwasassun layuka. In aka zana y = x², abin da yake fitowa kamar ƙwarya ne da aka ajiye a kan sifiri, bakinta yana sama. In aka rubuta y = x² + 3, an ɗaga ƙwaryar taku uku. In aka rubuta y = −x², an kife ta. In aka rubuta y = 2x², an matse ta ta zama mai zurfi. Duk waɗannan ban sha wuyarsu ba. Wanda ya kā da ni shi ne y = (x − 2)². Ni a ganina tun da an ɗebe 2, ai tilas ƙwarya ta koma hagu, Malam kuwa ya ce dama take zuwa. Na haddace maganarsa, amma zuciyata ba ta yarda ba, saboda haka da na shiga jarrabawa sai haddar ta gudu ta bar ni.

Wata Asabar da rana, kowa ya tafi filin ƙwallo, na zauna a aji na ce bari in gwada ƙa'idodin mutumin nan. Na ajiye hadda gefe, na ƙi yarda da kome sai na gani. Na rarraba matsalar, na bar ƙwarya duka na kama gindinta kaɗai. Na fara da tambaya mafi sauƙi: a ina gindin yake? Gindi yana inda y ya zama sifiri, y kuwa ba zai zama sifiri ba sai abin da ke cikin baka ya zama sifiri, watau sai x ya kai 2. Ashe da yake ana ɗebe wa x biyu, tilas ya yi gaba taku biyu kafin ya biya bashin. Na koma na jarraba da x = 1 da x = 3, duka biyu suka ba ni 1, gindi yana tsakiyarsu daidai. Wallahi na yi tsalle ni kaɗai a cikin aji. Daga nan na gane da'ira ma haka take: x² + y² = 25 da'ira ce da cibiyarta take kan sifiri, (x − 2)² + (y − 1)² = 25 kuwa ita ce dai, an gusar da cibiyar zuwa (2, 1).

Gaskiya ta sa in faɗi cewa ba Dekart kaɗai ya yi wannan aiki ba. Wani lauya a birnin Toulouse mai suna Fermat ya gano irin wannan dabara a lokaci guda, shi kaɗai, amma ba a buga nasa ba sai 1679. Su biyun sun yi ta gardama ta wasiƙa, kuma Dekart, da yake mutum ne mai ji da kansa, bai yi wa Fermat adalci ba. Har ila yau, in kun buɗe littafinsa ba za ku ga layuka biyun nan masu ratsa juna kamar namu ba, sau da yawa layi ɗaya yake ja, kuma bai cika kula da adadin da ke ƙasa da sifiri ba. Da gangan ya bar waɗansu matakai bai bayyana ba, har littafin ya yi wa mutane wuya. Wani malami ɗan Holan, Frans van Schooten, shi ya fassara shi da Latin a 1649 ya ƙara masa bayani, wannan fassara kuwa ita Niyuton ya karanta yana ɗalibi a Ingila. Shi kansa darasin gusarwa da juyawa daga baya ya girma. A 1872 wani Bajamushe ɗan shekara 23, Felix Klein, ya nuna cewa ana iya tsara jometiri duka bisa tambayar abin da ba ya sauyawa in an motsa siffa. Amma duk ta ƙofar da Dekart ya fasa suka bi.

Rayuwarsa ba ta rasa baƙin ciki da kuskure ba. Bai yi aure ba, amma ya haifi 'ya da wata mai aiki a gidan da ya sauka, aka sa mata suna Francine. An haife ta a 1635, yana shirin kai ta Faransa karatu sai zazzaɓi ya kama ta, ta rasu a 1640 tana da shekara biyar. Masu tarihinsa sun ce bai taɓa jin zafin wani abu kamar wannan rashi ba.

A 1649 Sarauniya Kiristina ta ƙasar Suwidin, wadda a lokacin shekarunta 22, ta aika masa ya zo ya koya mata falsafa. Ya yi ta jinkiri, daga bisani ya yarda, ya isa birnin Sitokholm a watan Oktoba, ya sauka a gidan jakadan Faransa. Sarauniya ta sa lokacin darasi ƙarfe biyar na asuba, a tsakiyar hunturun ƙasar da ruwa yake daskarewa. Mutumin da tun yana yaro bai saba fita kafin hantsi ba, ga shi yana ratsa gari cikin duhu da ƙanƙara. Jakadan ya kwanta da ciwon huhu, Dekart ya yi jinyarsa, jakadan ya warke, shi kuma ya kamu. Ya mutu ran 11 ga watan Fabrairu, 1650, saura 'yan makonni ya cika shekara 54. Bayan shekara goma sha shida aka tono ƙasusuwansa aka mai da su Faransa, yanzu suna cikin wata majami'a a Faris. A 1967 garin da aka haife shi ya ɗauki sunansa, ana kiransa Descartes.

Da na kai wa Malam wannan labari, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ba ni alli ya ce in zana masa y = (x + 4)² a allo. Na kai ƙwaryar hagu taku huɗu, na kuma faɗi dalili. A jarrabawar ƙarshen shekara na ci maki 61. Ba ni ne na ɗaya ba, ko kusa, amma ina nan cikin ajin kimiyya.

Da na je hutu na zauna kusa da mahaifina yana ɗinki, sai na ga abin da idona bai taɓa gani ba. Zane guda yake ɗauka ya maimaita shi kewaye da hula, kowanne da tazara daidai da ɗan'uwansa, watau gusarwa. Rabin zanen na dama kuwa hoton na hagu ne, watau madubi. Faifan da kakata take saƙawa ma, in ka juya shi kaɗan sai adon ya koma kan kansa. Na gaya wa Baba haka, ya yi dariya ya ce shi shekara talatin yana yi bai san x ba balle y. Amma ya bar ni na tsara masa wani zane a takarda mai gida-gida, ya ɗinka shi, ita ce hular da nake sawa ran Juma'a.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in yaro ya kawo sakamako maras kyau a lissafi, kada a yanke cewa ba shi da kai, a bincika a ga wace ƙwarya ce ta tsaya masa. Ku kuma 'yan'uwana, musamman 'yan ƙananan aji, ku rage dogara ga hadda, ku riƙa neman dalili. Kada kuma wani ya kawo mini labarin Dekart a matsayin hujjar ƙin tashi in an kaɗa ƙararrawar asuba, domin na riga na gwada wannan hujja a wajen shugaban ɗakinmu, abin da na samu shi ne sharar bayan ɗaki har kwana uku.